Zuwa Sikotland da hunturu don kallon taurari da al'adun gargajiya: yaushe, kuma ina za a sauka?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Mancesta, ina karatun digiri na biyu, wannan ne kuma hunturuna na farko a Birtaniya. Za mu samu hutu daga tsakiyar Disamba zuwa cikin Janairu. Ni da maiɗakina muna so mu je Sikotland na kamar mako guda. Ni burina in ga taurari sosai, in da rabo har da hasken nan mai launi da ake nunawa a hotuna. Ita kuma al'adun mutanen take so ta gani, kiɗa da sutura da bukukuwa. Abokai na cewa wahala ce kawai zuwa can cikin sanyi, mu bari sai bazara. Shin tafiyar za ta yi armashi? Ina ya kamata mu sauka, kuma yaya batun abinci da salla?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. In na fahimce ka, kana so ka san ko mako guda zai ɗauki burinka da na uwargida gaba ɗaya, kuma ko hunturu ne lokacin da ya dace. Zai ɗauka, hunturu ne ma lokacinsa. Sai dai ka riƙe abu guda tun yanzu: ranar biki a rubuce take a kalanda, amma sararin sama ba wanda zai yi maka alkawarinsa. Don haka a kan biki ake kafa tafiyar, a duba kwanan wata, sannan a ware wa taurari darare da yawa a wuri ɗaya.

Abokanka sun yi gaskiya idan duwatsu da tafkuna da yawon ƙafa kake so. A batun taurari kuwa sun kuskure. Edinbara tana wajen digiri 56 arewa da layin ikwaita, garin Lerwick na tsibiran Shetland yana digiri 60, Kano kuwa 12. A wannan nisan, daga ƙarshen Mayu zuwa Yuli dare ba ya yin duhu sosai, da tsakar dare ma za ka ga gefen arewa da sauran haske. Da hunturu abin ya juya. Wajen 21 ga Disamba rana na fitowa a Edinbara kusan tara saura kwata, ta faɗi huɗu saura minti ashirin, yinin bai fi awa 7 ba. A Lerwick bai ma cika awa 6 ba. Kafin ƙarfe shida na yamma ta gota duhu ya gama kankama, wato kana iya kallon taurari awa uku ka dawo ka ci abincin dare ka kwanta da wuri. Ƙananan ƙudajen nan masu cizo da ke addabar mutane a tsaunuka da bazara su ma babu su.

Matsalar gajimare ce. Iskar da ke tasowa daga tekun Atlantika tana fara sauke ruwanta a yammacin ƙasar, shi ya sa yamma ta fi gabas ruwa da hadari nesa ba kusa ba. Ana iya yin kwana huɗu ko biyar a jere ba a ga tauraro ko ɗaya ba, sannan dare guda ya washe tas. Wani lokacin ma awa biyu kawai za a samu tsakanin hadari da hadari. Abin da na lura da shi a tafiye-tafiyen da nake kai ɗalibai shi ne, masu yawan sauya masauki, yau nan gobe can, su suka fi komawa hannu rabbana. Wanda ya zauna dare uku ko huɗu a ƙauye mai duhu, takalminsa da rigarsa a bakin ƙofa, yana leƙa waje kowace awa, shi ke dacewa.

Wata kafin komai

Mutane da yawa sukan biya kuɗin masauki a wuri mai duhu su tarar da farin wata ya cika sama, kuma da hunturu cikakken wata yana hawa can sama ya kwana yana haskawa. Kai wannan ba zai ba ka wuya ba, tunda kalandar Hijira na cikin wayarka. Daga 21 ko 22 ga wata, wata ba ya fitowa sai wajen tsakar dare, saboda haka farkon daren duka naka ne. Daga nan har zuwa 4 ko 5 ga sabon wata lokaci ne mai kyau, domin jinjirin wata kan faɗi da wuri. Daga 9 zuwa 17 kuwa, manyan taurari kawai za ka gani. Ka ɗauki ranar bikin da kuke so, ka duba nawa ga wata ta kama a bana. Idan ta faɗo cikin farin wata, ku raba tafiyar biyu, ku yi ta biki yanzu, ta taurari wani ƙarshen mako.

Wuraren duhu da abin da za ka gani

Akwai wuraren da ƙungiyar kare duhun sama ta duniya, wadda yanzu ake kira DarkSky International, ta amince da su. Na farko a duk Birtaniya shi ne gandun dajin Galloway da ke kudu maso yammacin Sikotland, a 2009. Tsibirin Coll, wanda ba shi da fitilun titi, ya samu nasa a 2013, garin Moffat a 2016, yankin Tomintoul da Glenlivet a tsaunukan Cairngorms a 2018. Coll ya fi su duhu a idona, amma sai an shiga jirgin ruwa daga Oban kusan awa uku, kuma da hunturu iska kan hana jirgin tashi, ka je ka kasa dawowa ranar da ka tsara. Ba na ba baƙon farko shawarar can. Idan ka ci karo da tsohon bayani kan ɗakin kallon taurari da ke kusa da Dalmellington, ka sani gobara ta cinye shi a 2021.

Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne taurarin da ka sani sun sauya mazauni. Tauraron arewa, wanda a Kano yake can ƙasa kusa da rufin gidaje har hazo kan ɓoye shi, a Galloway ya haura fiye da rabin sama, domin tsayinsa daidai yake da nisan wurin daga ikwaita. Kaza da 'ya'yanta, wato Surayya, tana sama tun farkon dare. Taurari ukun nan da ke jere a tsakiyar rukunin taurarin da ake kira Oriyon, waɗanda a gida sukan bi ta kusan tsakar ka, a nan kaɗan suke wuce sulusin sama ta kudu. Shi'ira, da aka ambata a Suratun Najmi, yana can ƙasa da su yana ƙyalli kala-kala saboda kaurin iskar da haskensa ke ratsawa. Suhailu kuwa kada ka neme shi, ba ya leƙowa Sikotland sam. A wuri mai duhu na gaske za ka ga farar hanyar nan mai kama da hayaƙi ta ratsa sama, kuma idan an nuna maka wurin, za ka ga tarin taurarin Andromeda da ido kawai, ɗan tabo fari wanda haskensa ya yi tafiyar shekara miliyan 2.5 kafin ya iso. Daren 13 zuwa 14 ga Disamba ake yawan ganin taurarin nan da ke tsinkewa su ja layi, waɗanda ake kira Geminids, sai kuma Quadrantids wajen 3 zuwa 4 ga Janairu.

Ba ka bukatar sayen babban madubin hangen nesa. Na hannu mai ido biyu, wanda aka rubuta 10x50 a jikinsa, ya ishe ka. Abin da ya fi shi muhimmanci haƙuri ne. A filin ajiye motoci na tafkin Clatteringshaws na sha ganin yadda abin ke faruwa: a sauko daga mota, a ɗaga kai, wani ya ce "Malam ai wannan ko a ƙauyenmu ya fi haka." Sai in ce kowa ya sa wayarsa a aljihu. Ido na bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu. Bayan nan surutu kan ragu, ka ji wani ya fara tasbihi a hankali. Da zarar mutum ɗaya ya zaro waya zai duba saƙo, an koma farko. Ka nemi tocila mai jan haske, ko ka ɗaure jar leda a bakin taka, domin jan haske ba ya ɓata sabon da ido ya yi.

Hasken arewa kuma, wato hasken nan mai launi da ka ambata, ina roƙonka kada ka ɗora tafiyar a kansa. Yana faruwa ne idan ƙwayoyin da rana ke fesowa suka faɗa cikin maganaɗisun duniya suka bugi iskar da ke can sama, kuma ƙarfinsa na hawa da sauka a zagayen kusan shekara 11. An kai ƙololuwar zagayen nan a 2024, shekarar da aka ga hasken har kudancin Ingila a daren 10 ga Mayu. A dare na yau da kullum a Sikotland, abin da ido ke gani wani baka ne fari-fari ko toka-toka can ƙasa ta arewa, har ka ɗauka gajimare ne. Sai ka ɗora waya a kan wani abu ka ɗauki hoto na daƙiƙa uku zuwa biyar, kore ya bayyana. Hotunan da ka gani a intanet kyamara ce ta tara hasken. Akwai darare da ido ma kan ga ja da kore suna motsi, amma ba su da yawa. Ka sauke manhajar AuroraWatch UK ta Jami'ar Lancaster, tana aiko da sanarwa. Kana bukatar wuri da arewarsa ke buɗe babu gari a gabanka, shi ya sa gaɓar teku mai fuskantar arewa ta fi tsakiyar daji.

Abin da uwargida za ta gani

Wasannin tsaunuka da ake jifan gungumen itace, da faretin masu busa na watan Agusta a Edinbara, duk na bazara ne. Gidajen sarauta na tarihi da yawa ma a rufe suke daga Nuwamba zuwa Maris, ko da yake na Edinbara da na Stirling suna buɗe. Al'adar hunturu ta wuta ce da haɗuwa a ɗaki, kuma dalilinta shi ne dogon daren nan da ya kawo ka.

Babban bikinsu shi ne Hogmanay, daren 31 ga Disamba. Ya samu wannan girma ne saboda bayan sauyin addini na ƙarni na 16 cocin ƙasar ya ƙi bikin Kirsimeti, har majalisa ta soke hutunsa a 1640, kuma bai zama ranar hutu a Sikotland ba sai 1958. Murnar mutane sai ta koma sabuwar shekara, har yau 2 ga Janairu ma hutu ne a can. A al'adance, bayan sha biyun dare maƙwabta kan shiga gidajen juna, ana so wanda zai fara taka ƙofa ya zama namiji mai baƙin gashi, riƙe da ɗan gawayi da biskit ɗin man shanu da wuski. Bikin titi na Edinbara shi ya fi suna, amma a ganina ba shi uwargida ke nema ba. Taron 'yan yawon buɗe ido ne da kaɗe-kaɗen zamani da shaye-shaye, masauki ya yi tsada ƙwarai, kuma a 2024 an soke na waje gaba ɗaya saboda iska.

Ƙananan garuruwa ne suka riƙe abin. A Stonehaven, kudu da Aberdeen, da ƙarfe sha biyu ta buga mutum kusan 40 ke fitowa babban titi, kowa na wulwula ƙwallon wayar ƙarfe cike da wuta a kan sarƙa, masu algaitarsu mai jakar iska suna gaba, har su kai tashar jiragen ruwa su wurga cikin teku. Kyauta ne, amma titin ƙarami ne, idan ya cika rufewa ake yi, sai a je da wuri.

Wanda na fi so shi ne na Burghead, ƙauyen masunta a gaɓar tekun Moray da ke arewa maso gabas, ranar 11 ga Janairu. Lokacin da Birtaniya ta sauya kalanda a 1752 aka zubar da kwana 11, mutanen garin suka ci gaba da bikin sabuwar shekara bisa tsohon lissafi. Ana cika rabin ganga da itace da kwalta, a kafa ta a kan sanda, a kunna wajen shida na yamma. 'Yan asalin garin ne kawai ke ɗaukarta, suna karɓa-karɓa a kafaɗa, kwalta mai wuta na ɗiga a kan tsofaffin rigunansu, suna tsayawa a wasu ƙofofi su miƙa garwashi. A ƙarshe a kai ta tudun Doorie a yi ta ƙara mata mai har ta ruguje, jama'a su yi rububin gawayin su kai gida, a wurinsu sa'a ce ta shekara. Ba tikiti, ba dandamali, ba mai yi maka bayani da lasifika. Idan 11 ta faɗo Lahadi, Asabar ake yi. Ku sa rigar da ba kwa jin asararta, warin kwalta ba ya fita da sauri.

Sauran biyun da za ka ji ana zancensu wataƙila sun wuce hutunka. Up Helly Aa na Lerwick ana yin sa Talatar ƙarshe ta Janairu: a kashe fitilun gari, mutum kusan dubu su yi jerin gwano da wuta a hannu, su ƙone jirgin ruwa irin na Viking, mayaƙan teku na arewacin Turai a zamanin da. Shetland tana ƙarƙashin sarautar Norway har 1469, amma bikin a wannan siffar na ƙarni na 19 ne, jirgin ma a 1889 aka fara shigo da shi, mata kuma sai 2023 aka bari suka shiga jerin. Shirinsa kamar na hawan Sallah ne, shekara guda ake yi ana ɗinki da ƙira, masaukin garin kuma tun watanni kafin ranar yake ƙarewa. Ga jirgin ruwa daga Aberdeen na awa 12 zuwa 14 cikin tekun hunturu. Ɗayan shi ne daren Burns, 25 ga Janairu, na tunawa da mawaƙinsu Robert Burns da aka haifa a Alloway a 1759. A nan ne za ta ga maza sanye da siket ɗin nan mai zane, mai busa ya rako abincin haggis cikin ɗaki, wani ya tashi ya yi masa waƙa sannan ya farke shi da wuƙa. Daga tsakiyar Janairu zuwa farkon Fabrairu kuma ana bikin kiɗan gargajiya na Celtic Connections a Gilasgo, wanda aka fara a 1994.

Rawarsu ta taro, wadda suke kira ceilidh, ana yin ta duk hunturu a zauren ƙauye ko na jami'a, da goge da akodiyon, wani na kiran matakan. Maza da mata na riƙe hannu suna musayar abokin rawa. Ba wanda zai tsangwame ku don kun zauna a gefe kuna kallo da kofin shayi.

Yadda zan tsara makon

Da ni ne, gabas zan yi. In kama masauki mai kicin dare uku ko huɗu a Tomintoul ko Glenlivet, sannan in gangara gaɓar Moray, tafiyar da ba ta kai awa biyu a mota ba, in kwana biyu kusa da Elgin don bikin Burghead. Yankin yana cikin mafi ƙarancin ruwa a ƙasar, gaɓar kuma arewa take kallo, saboda haka idan hasken arewa ya zo kana wurin. Idan hutun bai kai 11 ga Janairu ba, sai a juya: Stonehaven daren 31, sannan a shiga tsaunuka daga 2 ga wata. Ka lura babu jirgin ƙasa ranar Kirsimeti, ranar 1 ga Janairu ma kusan babu. Galloway kuma ka ajiye shi don ƙarshen mako, tunda daga Mancesta kamar awa huɗu ne a mota ta Carlisle, kuma Alloway da Dumfries, inda kabarin Burns yake, duk suna kusa.

Mota kusan dole ce, domin bas ba ya zuwa wuraren duhu da dare. Lasisin tuƙi na ƙasar waje yana aiki wata 12 daga zamanka mazauni, amma kamfanonin haya na da nasu sharuɗɗan, ka tambaya kafin ka biya. Hanyar A939 tsakanin Tomintoul da Cock Bridge tana cikin waɗanda dusar ƙanƙara ke fara rufewa, ka shigo ta Grantown-on-Spey ko Dufftown. Ka je wurin kallon da rana ka gane shi tukuna. Da dare ka yi hattara da barewa da kuma siririyar ƙanƙarar da ke kwanciya a kwalta ba a ganinta. Daren da ya fi washewa shi ya fi sanyi, domin babu gajimaren da zai riƙe zafin ƙasa. A Braemar an taɓa auna digiri 27.2 ƙasa da sifili a 1895 da 1982. Ba lallai ku gamu da irin wannan ba, amma tsayuwa wuri ɗaya awa guda a digiri 5 ƙasa da sifili ta isa. Sanyin ta tafin ƙafa yake shiga. Takalmi mai kaurin ƙasa, safar ulu biyu, riguna uku ko huɗu a jere, ta cikin kada ta zama auduga don tana riƙe gumi, hula mai rufe kunne, da fulas na shayi mai citta. Waya a aljihun ciki, sanyi na zuƙe batir.

Abinci da salla

Haggis hanta da zuciya da huhun tunkiya ne, da hatsin oat da albasa da kitse, kuma yawanci ba yankan Musulmi ba ne. Akwai na wake da kayan lambu a kusan kowane babban kanti da wurin biki. Baƙin tsiran da ake sawa a karin kumallo jini ne. Miyar adas da za ka ɗauka ba ta da matsala, sau da yawa da romon ƙashin alade ake dafa ta, sai ka tambaya. Ƙullun da ake tsoma kifi wani lokacin da giya ake kwaɓa shi, kayan zaƙin da ake kira cranachan kuma da wuski. Wanda za ku ci hankali kwance shi ne Cullen skink, romon banda kifi da dankali da albasa da madara, asalinsa ma daga garin Cullen na gaɓar Moray ne. Idan an ɗaga kofi a taro, ruwa ko lemon Irn-Bru ya wadatar. Naman halal ku saya tun daga Mancesta, ko Gilasgo, Edinbara ko Aberdeen, shi ya sa na ce masauki mai kicin.

Manyan biranen nan duk suna da masallatai, har Stornoway a tsibirin Lewis an buɗe ɗaya a 2018, amma a ƙauyuka a ɗaki za ku yi. Alƙibla kudu maso gabas take. Lokutan a matse suke: azahar sha biyu da 'yan mintuna, la'asar kafin biyu, magariba kafin huɗu. Idan kuna kan hanya da rana, salloli uku za su same ku cikin awa huɗu, sai ku fita da alwala. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli, da kuma iyakar abin da ya dace Musulmi ya halarta a bukukuwan da wasu ke ɗaukar garwashinsu abin sa'a, wannan fannin malamai ne, ni taurari da hanya na sani. Hasashen gajimare kuma ba a dogara da shi fiye da kwana biyu zuwa uku, ko na hukumar yanayi ta Birtaniya, Met Office, ne. Don haka ka kama masaukin da ake iya sokewa ba tare da asara ba, ka fara da na garin bikin, domin shi ke fara cika.